Sai Bango Ya Tsage: Yadda Ciwon Sanyi Kan Ɓullo a Fatar Al'aurar Namiji

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna darasin kiwon lafiya a sakandare ya ji labarin ciwon sanyi, wato cutar da likitoci ke kira gonoriya. Namiji ya sadu da mai ɗauke da ita, bayan kwana 2 zuwa 5, wani lokaci har mako biyu, sai ya fara jin zafi idan yana fitsari, sannan mugunya fara ko ruwan ɗorawa ta riƙa fitowa daga bakin mafitar fitsari tana ɓata masa wando. Da wannan fuska aka san cutar, kuma da ita ake gane ta a mafi yawan lokuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an sami sababbin kamuwa miliyan 82 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49.

To amma cutar tana da wata fuska da littattafan makaranta ba su cika ambata ba. A jikin wasu maza ƙalilan takan fito ne a kan fata: ɗan ƙurji a gefen bakin mafitar fitsari, ko kumburi mai kama da maruru a ƙarƙashin azzakari, ko wani jan layi mai tsatso mugunya. Wani ma ba ya jin zafin fitsari ko kaɗan. Irin wannan mutum bai san ciwon sanyi ke gare shi ba, mai kemis ɗin da ya je wurinsa bai sani ba, sau da yawa ma'aikacin asibiti ma sai ya yi dogon nazari kafin tunaninsa ya kai can. A tsawon wannan lokaci kuwa yana ci gaba da yaɗa cutar.

Ya kamata a faɗi tun da wuri cewa kalmar "sanyi" ta yi faɗi ƙwarai a bakin Bahaushe. Ciwon baya sanyi ne, ƙaiƙayin gaba sanyi ne, ciwon gaɓoɓi ma sanyi ne. A wannan darasi cuta ɗaya tak ake nufi, wadda ƙwaya ɗaya tak ke haddasawa.

Ƙwayar cutar da halinta

Wani matashin likita Bajamushe, Albert Neisser, shi ya fara bayyana ƙwayar a shekarar 1879 a birnin Breslau, wanda a yau yake cikin ƙasar Foland. Shekarunsa 24 a lokacin. Da sunansa aka raɗa mata suna Neisseria gonorrhoeae, a taƙaice kuma ana ce mata gonokokas. Bakteriya ce ƙarama ainun, sai an jera kimanin dubu kafin su cika tsawon milimita guda. A ƙarƙashin madubin likita ana ganin su bibbiyu, suna fuskantar juna kamar ɓarin wake biyu.

Abin mamaki game da wannan ƙwaya shi ne rauninta. Ba ta rayuwa a jikin kowace dabba sai ɗan'adam. Da zarar ta bushe ta mutu, rana na kashe ta, sabulu ma haka. Saboda haka zancen da ake yawan yi cewa a masai ko a bayan gidan makaranta aka ɗauko ciwon ba shi da madogara a ilmin kimiyya. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa, sai kuma jariri da kan ɗauka a idanunsa lokacin haihuwa idan uwar na da shi.

A jikin ƙwayar akwai wasu siraran zaruruwa masu kama da gashi, da su take maƙalewa a jikin mutum don kada fitsari ya wanke ta. Sai dai ba ko'ina take iya maƙalewa ba, kuma a nan ne asirin wannan darasi yake.

Me ya sa fata ke gagarar ta?

Jikin mutum yana da sutura iri biyu. Akwai fatar waje, wadda aka gina da ƙwayoyin halitta shimfiɗaɗɗu, hawa kan hawa, na saman su matattu ne, cike da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, wanda shi ne a cikin farce da gashi da ƙahon dabba. Wannan fata busasshiya ce, tamkar katanga ce da ta sha yaɓe. Akwai kuma tantanin ciki, mai laushi da danshi, irin wanda mutum ke gani idan ya janye fatar idonsa a gaban madubi. A yawancin tsawon bututun fitsarin namiji, wanda ya kai santimita 18 zuwa 20, ƙwayoyin halittar wannan tantani a tsaye suke kamar ginshiƙai, rayayyu ne, ba su da rufin keratin.

Gonokokas tantanin ciki take so. Shi ya sa mazauninta na asali su ne bututun fitsari, da bakin mahaifa, da dubura, da maƙogwaro, da ido. Mugunya na iya kwana tana zuba a kan lafiyayyiyar fatar azzakari ba tare da ƙwayar ta huda ta ba. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tambayar da ɗalibin kimiyya zai yi ita ce: idan har an ga cutar a kan fata, ina tsagar take?

Amsar ita ce, a al'aurar namiji akwai 'yan wurare da tantanin ciki ya leƙo waje, ko ya ɓuya a ƙarƙashin fata, ta wasu ƙofofi da ido ba ya lura da su sai sun kamu.

Ƙofa ta farko: gefen bakin mafitar fitsari

Wasu maza an haife su da wata 'yar siririyar hanya a gefen bakin mafitar fitsari. Tana tafiya kusa da bututun fitsari na 'yan milimitoci, sannan ta tsaya, ba ta ɓulle ko'ina ba, kamar lungun da ba ya fita. Cikinta shimfiɗe yake da irin tantanin da ƙwayar ke so. Mai ita kan rayu har tsufa bai san da ita ba. Amma idan gonokokas ta shiga, sai wurin ya yi ja ya ɗan kumbura, a tsakiyarsa a ga huji kamar kan allura. Idan an matsa, ɗigon mugunya ya fito ta hujin, ba ta mafitar fitsari ba.

Likitocin fata na garin Changshu a lardin Jiangsu na ƙasar Sin sun wallafa rahotanni da dama a kan wannan matsala, har suka yi tambaya ko dai ta fi yawa a kan yadda ake zato, rashin dubawa ne kawai ya sa ake ce mata baƙuwa. Sun kuma lura cewa a jikin wasu marasa lafiyar, bayan magani ya kashe ƙwayar, hanyar kan zauna a buɗe ta yi faɗi, ta ci gaba da tara ruwa, har sai an yi 'yar ƙaramar tiyata an cire ta.

Muhimmancin wannan lungu ya fi girmansa. Fitsari ba ya bi ta cikinsa balle ya wanke shi, don haka yana iya zama maɓoyar ƙwayar cuta.

Ƙofa ta biyu: ɗinkin halitta

Wannan ita ce mafi ban sha'awa ga mai nazarin ilmin halitta. A ƙarƙashin azzakarin kowane namiji akwai wani layi mai ɗan duhu da ya taso daga kusa da kan kaciya, ya ratsa tsakiyar jakar maraina, ya nufi dubura. Ba tabo ba ne, ba kuma aikin wanzami ba ne. Ɗinki ne na halitta.

A makonnin farko na ciki, al'aurar ɗan tayi namiji da ta mace iri ɗaya ce: akwai wani kwari a tsakiya, da naɗin fata biyu a gefe da gefe. A jikin namiji, wajen wata na uku, sai naɗin nan biyu su matso su haɗe, tun daga baya zuwa gaba, kamar yadda tela ke haɗa bakin ƙyalle biyu ya mai da su hannun riga. Kwarin da suka rufe shi ne ya zama bututun fitsari, layin da suka bari a waje kuma shi ne ɗinkin. A jikin mace ba su haɗewa, su ne ke zama ƙananan leɓɓan farji.

Wani lokaci wajen haɗewar sai ɗan guntun tantanin ciki ya maƙale a cikin ɗinkin, fata ta rufe shi. Idan dunƙule ne sai ya zama 'yar jaka mai ruwa, girman ƙwayar gero zuwa na gyaɗa. Idan dogo ne sai ya zama 'yar siririyar hanya da ke bin layin ɗinkin, wani lokaci da ɗan huji da ya buɗe a waje. Ba ya ciwo, ba ya hana komai, yaro kan girma da shi. Ranar da gonokokas ta same shi kuwa, sai layin ya kumbura ya yi ja kamar an saƙa igiya a ƙarƙashin fata, ya riƙa zafi, mugunya na tsatsowa ta huji ɗaya ko biyu. An sha samun marasa lafiyar da cutar ta tsaya a nan kaɗai, bututun fitsarinsu lafiya lau, ko ɗigon mugunya babu. Irin wannan ne mai kemis zai kalla ya ce maruru ne.

Sauran ƙofofin

A gefe biyu na 'yar igiyar fatar da ke ƙarƙashin kan kaciya akwai wasu 'yan jakunkuna da aka raɗa wa sunan Edward Tyson, likitan Ingila da ya rasu a 1708. Masana ilmin sassan jiki sun daɗe suna gardama a kan ainihin yanayin waɗannan jakunkuna, amma likitocin asibiti sun san kumburin da ke fitowa a wurin: dunƙule mai zafi, gefe ɗaya ko duka biyun, mai fitar da mugunya. An fi ganinsa a jikin marasa kaciya, domin loɓa tana tara mugunya da danshi. Haka nan kumburin kan kaciya da na loɓar kanta, wanda kan kai ga loɓa ta ƙi ja baya, ko kuma ta ja baya ta ƙi dawowa ta shaƙe kan kaciya. Wannan na biyun ba ya jiran gobe, a ranar ake kai shi asibiti, saboda jini ne ke yankewa. A ƙasar Hausa, inda kusan kowane namiji ke da kaciya tun yana yaro, waɗannan ba su da yawa. Sai dai kaciya ba ta rufe ƙofa ta farko da ta biyu ba.

Mafi haɗari duka ita ce ƙofar da ke buɗewa daga ciki zuwa waje. A bangon bututun fitsari akwai ƙananan jakunkuna masu yawa da ke tsatso ruwa mai yauƙi, waɗanda aka sani da sunan Littré, likitan Faransa, da kuma wasu biyu manya kaɗan a gindin azzakari masu sunan Cowper, likitan tiyata na Ingila. Idan ciwon sanyi ya daɗe ba magani, ƙwayar kan shiga cikinsu, bakinsu ya toshe, mugunya ta taru. Sai a ga kumburi mai zafi a ƙarƙashin azzakari ko tsakanin maraina da dubura, da zazzaɓi, da wahalar fitsari. In ya fashe waje alhali ya riga ya ɓula bututun ta ciki, to hanya ta samu, fitsari zai riƙa bi ta nan. Idan kuma tabo ya matse bututun, wanda kan faru bayan shekaru, wani lokaci goma ko fiye, sai fitsari ya nemi mafita ta huji da yawa. Likitoci na kwatanta wannan hali da bokitin ban-ruwa mai huji-huji na masu lambu. Kafin zuwan magungunan zamani an san shi a duk duniya, kuma har yanzu likitocin mafitsara a Afirka sukan gamu da shi jifa-jifa.

Akwai kuma lokacin da fatar kanta ke tsagewa. Gogayya wajen saduwa, ko susa, ko aski na iya barin 'yar kafa, ƙwayar ta shiga ta yi ƙurji mai mugunya ko ɗan gyambo. Hanyoyin ruwan jiki da ke bayan azzakari ma kan kumbura su yi tauri, wani lokaci gaba ɗayan kan azzakarin ya haye, kaluluwa ta fito a matsematsi.

Wani abu dabam, wanda bai kamata a haɗa shi da waɗannan ba: a jikin kimanin mutum 1 zuwa 3 cikin 100 na waɗanda ba su yi magani ba, ƙwayar kan shiga jini. Ƙurajen da ke biyo baya a hannuwa da ƙafafu suke fitowa, 'yan kaɗan, tare da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi.

Ba kowane ƙurji ne ciwon sanyi ba

Kada ɗalibi ya karanta wannan ya shiga firgita. Akwai 'yan ƙananan tsiro farare da ke jeruwa a gewayen kan kaciyar samari da yawa, kamar an jera tsakiya. Halitta ce, ba cuta ba, ba sa bukatar magani. Ƙazuwa, wadda ta zama ruwan dare a makarantun kwana, tana son fatar azzakari da ta maraina, takan bar ƙulli masu tsananin ƙaiƙayi da dare, kuma ta tabarma da bargo ma ana ɗaukarta. Tunjere kan fara da gyambo guda mai tauri marar zafi, kimanin mako uku bayan saduwa. Ƙyandar biri, tun ɓarkewarta a Nijeriya a 2017, an ga tana yawan fitowa a al'aura.

Akwai kuma wanda magani da kansa ke jawowa. Wasu mutane idan suka sha Septrin, ko Fansidar, ko kafson ja-da-yalo, sai wani tabo ja ko baƙi-baƙi ya fito musu a kan kaciya, ya yi bororo, ya saluɓe, kuma duk ranar da suka sake shan maganin a daidai wurin zai dawo. Mutum ya sayi kafso don tsoron sanyi, kafson ya ba shi gyambo, ya koma ya ƙaro wani. Ido kaɗai ba ya rarrabe waɗannan duka, ko da na ƙwararre ne.

A ɗakin gwaji

Abin da ake bukata ɗigon mugunya ne daga ainihin wurin da ke ciwo, ba daga mafitar fitsari kawai ba. Akan shafa shi a kan gilashi, a rina shi ta hanyar da Hans Christian Gram ɗan ƙasar Denmak ya ƙirƙiro a 1884. Bakteriyar da ke kawo maruru na yau da kullum takan fito shuɗiya mai duhu, a cure kamar nonon inabi. Gonokokas kuwa ja-ja take fitowa, bibbiyu, cunkushe a cikin fararen ƙwayoyin jini da suka haɗiye ta. Aikin bai wuce na minti 15 ba.

Don tabbatarwa akan shuka ta a faranti mai abinci na musamman, irin wanda Thayer da Martin suka haɗa a 1964, a ajiye a ɗumin jikin mutum kwana ɗaya zuwa biyu. Ƙwayar tana son iska mai ɗan yawan kabon-dayokzaid. Inda babu na'ura, sai a sa farantin cikin babbar kwalba, a kunna kyandir a ciki, a rufe. Kafin wutar ta mutu ta samar da iskar da ake so. Malamin kimiyya zai gane cewa gwajin kyandir da kwalba ne da yake nuna wa 'yan aji ɗaya, ga shi yana aiki a asibiti. A yau akwai gwajin da ke gano ƙwayar ta hanyar sinadarin gadonta, wanda ya fi kaifi, amma shuka ce ke nuna maganin da zai kashe ta da wanda ta fi ƙarfinsa.

Magani

Tarihin maganin ciwon sanyi tarihin tsere ne. Magungunan salfa sun zo a ƙarshen shekarun 1930, cikin 'yan shekaru ƙwayar ta gagare su. Fenisilin ya karɓa daga 1943. A 1976 aka gano, a Ingila da Amurka, wani nau'in gonokokas mai fitar da sinadarin da ke ruguza fenisilin, da aka bi sawunsa kuma aka tarar da tushe biyu, ɗaya a gabashin Asiya, ɗaya a Afirka ta Yamma. Tetirasaikilin ya bi baya, haka sifurofulokzasin, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta daina ba da shawarar amfani da shi a kan wannan cuta a 2007. Ke nan kafson da ake saye uku-uku ko huɗu-huɗu a tasha, a haɗiya da lemo, ba abin dogaro ba ne. Yakan rage mugunya mutum ya zaci ya warke, ƙwayar kuwa tana nan a lungunta.

Ginshiƙin magani a yau allura ce mai suna seftiriyakzon. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2024 ta ce a yi giram 1 sau ɗaya a tsoka, ƙa'idar Amurka ta 2021 kuma miligiram 500. Akan haɗa da dokzisaikilin, miligiram 100 safe da yamma har kwana 7, saboda wata ƙwaya mai suna kilamidiya da ke yawan rakiyar gonokokas. An kawo waɗannan adadi ne don ilmi, hukuncin yin allurar na likita ne, domin akwai masu jikin da ba ya karɓar ta. Ita ma seftiriyakzon an fara samun nau'in da ya gagare ta, na farko a Kyoto ta ƙasar Jafan a 2009.

Wancan ma'auni na ciwon da bai wuce bututun fitsari ba ne. Idan ya shiga ɗaya daga ƙofofin da aka bayyana, likita na iya tsawaita allurar zuwa kwanaki, in ya shiga jini kuwa ba ta gaza kwana 7 ba. Dalili shi ne magani ta jini yake tafiya, tarin mugunya kuma ba jijiyar jini a cikinsa. Ƙaramin kumburi kan baje da allura kaɗai. Babba sai an zuƙe shi da sirinji ko an tsaga shi a asibiti. Jakar ɗinki ko hanyar gefen mafitar fitsari da ta ƙi rufewa, akan jira kumburi ya kwanta tukuna sannan a cire ta, don kada ta sake kamuwa.

A nan ne ya wajaba a ja kunne game da sakiya. Wanzami na iya huda maruru a cinya a zauna lafiya. Amma kumburin da ke ƙarƙashin azzakari tsakaninsa da bututun fitsari 'yan milimitoci ne, ƙarfe na zarcewa kaɗan ya bar yoyon fitsarin da sai likitan tiyata ya gyara. Matsa shi da hannu, ko shafa masa man zafi, ko toka, ko ruwan batir, duk ƙara tsaga bango ne.

Maganin mutum ɗaya kuma rabin magani ne. Duk wadda ya sadu da ita cikin kwana 60 da suka wuce sai an yi mata magani, ko da ta ce lafiyarta ƙalau, domin mata da yawa ba su ganin wata alama har sai cutar ta hau ta toshe hanyoyin ƙwai, haihuwa ta gagara. Mai mata biyu ko uku, dukansu za a duba. Ba a komawa shimfiɗa sai bayan kwana 7 da gama maganin kowa. Akan yi gwajin tunjere da na ƙanjamau a lokaci guda, tunda hanyar shigarsu ɗaya ce, kuma kumburin ciwon sanyi na sauƙaƙa wa ƙwayar ƙanjamau shiga. Bayan wata uku a sake gwaji, saboda warkewa daga wannan cuta ba ta hana sake kamuwa. Kamewa ita ce kariya cikakkiya, kwaroron roba kuma yana rage haɗarin ƙwarai.

Malamin da ɗalibi ya keɓe ya gaya masa irin wannan matsala, ya sani cewa yaron ya sha fama da kunya kafin ya buɗe baki. Abin da ke gabansa shi ne ya rufa masa asiri, ya haɗa shi da asibiti a ranar, kada ya duba shi da kansa, kada kuma ya rubuta masa sunan kafso. Idan yaron ƙarami ne, gwaji kuma ya nuna gonokokas, to akwai babbar alamar cewa wani ya ci zarafinsa, kuma dole ne maganar ta kai ga iyaye da hukumar da ke da alhakin kare shi.